Azumin da Ƙuda Ya Ƙi Mutuwa

Azumin bana ya faɗo cikin sanyin Dubai, har aka yi mana yayyafi a makon farko. Ranar na dawo daga aiki na tarar da 'yata Hanifa ta jingina da tagar falo, tana kallon ruwa yana wanke rufin ɗakunan ajiyar kaya na Al Qusais. Wannan ne azumin farko da ta ƙudurta za ta kai ƙarshe ba fashi. Ta juyo ta ce, "Mama, wai shi ne azumin da ake ta ba mu tsoro? Ni ko ƙishirwa ban ji ba."

Na ce ta gode wa Allah. Na shiga kicin na jiƙa tsamiya, raina yana wani azumin daban.

A shekarar da nake ɗauke da cikinta, azumi ya zo a tsakiyar bazara. Wanda bai taɓa yin bazara a garin nan ba, zai ɗauka irin zafin Sakkwato nake nufi. Ba shi ba ne. Namu na gida busasshe ne, in ka sami inuwar darbejiya ka tsira. Na nan jiƙaƙƙe ne, kuma inuwa ba ta maganinsa. Kana fitowa da sassafe gilashin idonka zai rufe da tururi, riga ta manne maka a baya kafin ka kai bakin titi. Ruwan famfo ba ya taɓuwa da rana, don tankin yana kan rufi. Tun safe nake tara bokiti biyu in ajiye ƙarƙashin esi, na'urar sanyaya ɗaki, saboda wankan la'asar. Sama ba shuɗi, ba gajimare, fari fat kamar an shafa mata alli. Yinin kuma ga tsawo. Mutum ya yi sahur ya ga kamar an manta da magariba.

A lokacin ban daɗe da barin aikin rediyo ba. Noma na karanta, na yi shekaru ina gabatar da shirin manoma a Kano, sannan aure ya kawo ni nan wajen maigidana Lawal, mai aikin tura kayan 'yan kasuwa a Deira. Na sami aiki a ɗakin gwaji na wata gona da ke bayan gari, can inda gine-gine ke ƙarewa yashi ya karɓa. Sitiroberi ake nomawa da danginsa, a cikin dogayen rumfunan gilashi da manyan fankoki ke sanyayawa ba dare ba rana. Kamfanin kuma yana shigo da irin waɗannan 'ya'yan itace daga ƙasashen waje ta jirgi, a zuba su cikin ƙananan robobi a ɗakin shirya kaya, a kai manyan kantuna.

Ta wannan hanyar, a ganina, baƙon ya shigo. Ɗan ƙuda ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, mai jajayen idanu, namijin yana da ɗigo baƙi a kan kowane fiffike. Ƙudan da muka sani yana jira abu ya ruɓe kafin ya sauka. Wannan ba ya jira. Macen tana da wani ɗan zarto a bayanta, tana tsaga lafiyayyen ɗan itace da ke kan nuna ta saka ƙwai a ciki. A tsinke shi jawur ba tabo, a kai kanti, bayan kwana kaɗan ya lotsa yana tsiyayar ruwa, a fasa a ga fararen tsutsotsi. A waje zafi zai kashe ƙudan nan take. A cikin rumfa kuwa ya sami aljannar duniya: sanyi, laima, abinci duk shekara.

Aka shiga feshi. Magani iri ɗaya ake ta maimaitawa mako bayan mako, domin shi ne wanda ba a daɗe ana jira bayan an fesa kafin a yi tsinka, kuma kantuna ba sa jira. Da farko ya yi aiki. Sannu a hankali ya fara ja da baya. Na faɗa a taro cewa ƙwaro in ya daɗe yana shaƙar abu ɗaya, masu raunin ne ke mutuwa, masu ƙarfin su hayayyafa, wata rana a wayi gari duka zuriyar ba ta jin magani. Aka ce an ji.

Shugaban masu feshi kuwa mutumin gida ne, Malam Isuhu, dattijo daga wajen Kura. Ya yi feshin tumatir da shinkafa tun kafin a haife ni, ya zo nan ya shekara da shekaru ba a taɓa kama shi da makara ba. Ni Baba Isuhu nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malama. Mutanensa 'yan Bangaladash ne da 'yan Pakistan da Hausawa biyu, dukansu masu azumi. Ya kamata a san yadda aikinsu yake. Lokacin feshi kashe fankoki ake yi, don kada iska ta kwashe maganin. Su shiga cikin rigar leda tun daga wuya har ƙafa, da abin rufe hanci da safar hannu, su goya tanki. Fanka na tsayawa gilashin zai fara dafa abin da ke cikinsa. Da idona na ga Baba Isuhu ya fito ya zauna a kan bulo, ya cire takalmin roba ya kifa, gumi ya zubo kamar an tuntsurar da buta. Ya dubi ruwan yana shigewa cikin yashi, ya lashi leɓensa da ya tsage, ya ce, "Malama, kin ga sahur ɗina can ya tafi."

Azumi ya kusa rabi sai wani babban kanti ya dawo da kaya mota guda saboda tsutsa. Manaja ya kira Baba Isuhu ofis, ya kira ni in yi tafinta, don Turancin dattijon na aiki ne kawai. Manajan nan Musulmi ne, shi ma yana azumi, a ofishin da sanyinsa ke sa mutum neman mayafi. Bai ce a zauna ba. Ya ce, "Gaya masa na san abin da ake yi a watan nan. A fesa layi ɗaya, a tsallake biyu, a je a kwanta."

A rediyo an koya mini in fassara magana yadda take, ba ragi ba ƙari. Ranar na tsani wannan horon. Na mayar da ita Hausa kamar yadda ta fito.

Baba Isuhu ya dube ni. Ya ce, "Ki tambaye shi, in ba ƙira me ya ci gawayi? Jarkokin da muka ƙarar suna nan jere a sito."

Manaja ya ce magani ana iya tsiyaye shi a ƙasa.

Na fassara wannan ma. Dattijon ya dafa bayan kujerar da ba a ba shi ba. "Ni? Da bakin azumi? In karɓi amanar mutum in zubar a yashi, sannan in je in yi asham?"

Nan na daina tafinta na yi magana da bakina. Na ce akwai hanyar rarrabewa, kuma ba ta da wuya. A shafe cikin ƙananan kwalabe da maganin a daidai ma'aunin da ya kamata ya kashe ƙudan, a bari ya bushe, a zuba rayayyun ƙudajen rumfa, a duba washegari. In sun mutu, magani yana aiki. In sun rayu, ba laifin mai feshi ba ne, ƙudan ne ya daina ji. Manaja ya ce ya yarda, ya ƙara da cewa, "In suka mutu a kwalbarki, to shi ne ba ya aiki, kuma bizarsa ta ƙare."

Saura kamun ƙudan. Abin kamun wani ɗan tiyon roba ne mai kwalba a tsakiya. Ka kai baki ɗaya kusa da ƙuda, ka sa ɗayan a bakinka ka ja iska da sauri, ƙudan ya faɗa kwalba. Akwai ɗan ƙyallen tata da ke hana shi wucewa zuwa maƙogwaro. Aikina ne, kuma ni kaɗai ce a gonar ba na azumi, likita ta hana ni. Amma saboda cikin an haramta mini taka rumfar da aka yi wa feshi, kuma duka an yi musu. Masu feshi kaɗai ke da izinin shiga. Na nuna wa Baba Isuhu yadda ake yi. Ya juya tiyon a hannunsa, ya leƙa cikinsa, ya ce, "To, Malama."

Washegari ya kawo mini babbar kwalba an ɗaure bakinta da ƙyalle, ƙudaje na ta yawo a ciki. Na ce, "Na gonar nan ne?" Ya ce na gonar nan ne. Na sa wasu a ƙarƙashin madubin gwaji, ga ɗigon fiffike, ga zarton macen. Shi ne. Na rarraba rabinsu cikin kwalaben magani, sauran na ajiye da ɗan yankin ayaba.

Safiyar Alhamis na buɗe ɗakin gwaji na tarar duka suna kwance a gindin kwalabe, ƙafafu a sama. Ban gama mamaki ba manaja ya turo ƙofa. Bai taɓa zuwa ɗakin nan ba sai ranar. Ya ɗaga kwalba ɗaya ya girgiza, ya ɗauki hotonta da waya. Na ce gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita. Ya ce, "Khalas," wato an gama, ya fita.

A wancan zamanin Juma'a ce ranar hutu, kuma duk Juma'ar azumi Hausawan gonar a gidanmu suke shan ruwa. Sun gaji da shinkafar biriyanin da ake rabawa a masallacin sansanin ma'aikata inda suke kwana, suna marmarin abin gida. Tun hantsi nake jiƙa wake in surfa, in niƙa a ƙaramin injin kicin kashi-kashi don kada ya ƙone. Geron kunun wani ɗan kasuwar Kano ne ya kawo mana a ƙasan jakarsa, ina auna shi da ƙaramin kofi kamar magani don ya kai mu Sallah. Tsamiyar nan ta Indiya ce, zaƙi ya fi tsami yawa, sai na ƙara lemon tsami. Kicin ɗin ba taga. In na ɗora man ƙosai sai Lawal ya ɗauko fankar ɗaki ya tsaya a bakin ƙofa yana riƙe mini ita, yana haɗiyar yawu yana cewa ƙamshin nan zalunci ne.

Ranar mutum ɗaya ya zo, Baba Isuhu. Aka kira sallah, ya ci dabino, ya sha ruwa, ya tura kwanon ƙosai gefe. Lawal Bazazzagi ne, tsakaninsa da dattijon kullum wasa ne. Ya ce, "Yau kuma Bakano ne ke kawar da kai daga abincin banza? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

Ni kuwa tun jiya abu ɗaya ke cin raina. Ƙudajen da suka shafe watanni suna shan feshi suna ƙaruwa, ta yaya za su mutu duka a dare ɗaya? Na ce, "Baba Isuhu, a wace rumfa ka zuƙo su?"

Ya ɗago. "Zuƙo? Wa ya zuƙa? Ni da azumi a bakina zan sa tiyo in ja ƙuda? Allah ya kiyaye. Mutanena ma na hana su."

"To a ina ka samo?"

"Bayan ɗakin shirya kaya mana, a lungun nan mai sanyi da ake tara kwandunan da suka lalace. Kifa kwalba kawai na yi na rufe da ƙyalle. Ba wahala."

Na ajiye ludayin kunu. Na ce, "Baba, kwandunan nan kayan waje ne. Ƙudajen da ke kansu baƙi ne, jiya-jiya suka ƙyanƙyashe daga abin da jirgi ya kawo. Ba su taɓa shiga rumfarmu ba. Ko su ko iyayensu ba su sha abin da namu suka sha ba."

"Malama, ƙuda ai ƙuda ne."

Lawal ya ce, "In ƙuda ƙuda ne, to Bakano ma Bazazzagi ne."

"Allah ya sawwaƙe!" Ya faɗa da sauri, har ya fara murmushi. Sai murmushin ya tsaya. Na ga lokacin da maganar ta isa inda za ta. Ya dubi tafin hannunsa ya ce, "Wato da hannuna na kai musu shaidun da za su kashe ni."

Lawal ya gyara zama. "Amma Malam, kai ma ka faye. Tun a zaure aka karantar da mu cewa ƙudan da ya faɗa maƙogwaro ba ya karya azumi."

"Wanda ya faɗa, Alhaji. Ba wanda ka aika wa goron gayyata ba."

"Akwai ƙyalle a ciki fa."

"Ƙyallen da bai kai farce ba? Ku Zage-zagi ilimin a baki yake. Ni in zan yi abu, sai wanda zan iya tsayawa gaban Ubangiji da shi."

Na ce ko a bari sai bayan shan ruwa. Ya ce motar sansani tana tashi tun la'asar, mai gadi ya kulle rumfuna, kuma in duhu ya yi ƙudan ɓuya yake a ƙarƙashin ganye. Gaskiyarsa ne. Esi yana ta gurnani. Can ya jawo kwanon ƙosai ya ci guda biyu. Ya ce, "Gobe ki ba ni tiyon."

Bai bar kowa a cikin mutanensa ya shiga ba. Ya ce in akwai laifi ya tsaya a kansa shi kaɗai. Na tsaya a waje jikin gilashi da lema, inda dokar ta tsayar da ni, ƙasa tana ƙona mini tafin ƙafa ta cikin takalmi. Ina hango shi ya durƙusa tsakanin layuka, yana ɗaga ganye a hankali, tiyo a baki. Ƙudan rumfa ba irin na kwando ba ne da ake kifa wa kwalba. Ɗaya-ɗaya ake bin su. Ya kai bakin tiyo, ƙudan ya tashi, ya rarrafa gaba, ya sake kaiwa. Kowace zuƙa tana ƙara busar masa da maƙogwaron da ya riga ya bushe, kuma iskar da yake ja ta bi ta kan ganyen da shi da kansa ya jiƙe da magani. Na koma ɗakin gwaji na sha ruwa a ɓoye, ina jin kunyar ƙarar haɗiyata, na dawo. Yana nan. Rana ta hau kan gilashi sosai kafin ya fito.

Ya miƙo mini kwalbar yana tari. Muryarsa ta dushe. "Ƙyallen ya goce sau ɗaya. Ɗaya ya wuce, na ji shi."

Na ce ba da nufi ba ne. Ya ce shi ya ja iskar. Na ce to ya sha ruwa tunda yana ganin azumin ya karye. Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Zan kame har magariba. In Allah ya kai mu bayan Sallah in rama."

Wannan karon na yi gwajin gefe da gefe: kwalabe iri ɗaya, magani ɗaya, ma'auni ɗaya. A wasu na zuba ragowar baƙin kwando, a wasu na zuba na rumfa. Da safe baƙin duk sun mutu kamar 'yan uwansu. Na rumfa kuwa, in ban da kaɗan, suna hawa jikin kwalba suna sauka. Wani namiji ya tsaya daidai kan busasshen maganin yana goge fiffikensa da ƙafa.

Na ɗauki kwalba biyu na kai ofis na ajiye a kan tebur. Na yi bayani a taƙaice. Ba sai na maimaita ba. Mutumin nan ya fi ni takardun ilimin noma. Ya ɗaga mai rayayyun ya duba ta a hasken taga, ya daɗe yana kallo. Ya fahimta sarai. Ya ce, "Wane magani za mu koma?"

Na faɗa masa: a bar wannan gaba ɗaya, a riƙa juya wasu da hanyar kisansu ta bambanta, a tsananta tsinka, a daina barin ruɓaɓɓen kaya kusa da rumfa. Ya rubuta komai. Na ce, "Malam Isuhu fa?"

Ya ajiye biro. Ya ce ya riga ya gaya wa masu gonar dalilin asarar tun ranar Alhamis, da hoto, kuma ba zai koma musu da wani dalilin ba. A lokacin ko hannu dattijon bai sa a takardar sallama ba. Waya ɗaya ta isa ta tsayar da komai. Na faɗi haka. Sai ya ce, "Kuma ai shi ya kawo ƙudan da ba shi aka ce ya kawo ba. Wannan ma sakaci ne."

Na yi shekaru a gaban makirfo ina karanta labarin ambaliya da na gobara muryata ba ta rawa. Ranar ta yi. Mutum ya yarda da gwaji har ya canja maganin gona guda a kansa, amma bai yarda da shi ba wajen wanke mutum ɗaya. Kuskuren dattijon na tsoron Allah ne, kuma ya gyara shi da maƙogwaronsa cikin kwana biyu. Shi kuwa wanda ya yi ta sa hannu ana sayo magani ɗaya wata da watanni, bayan an gaya masa, shi ne ke zaune yana auna sakacin wani.

Na nemi ganin masu gonar. Amsar ta dawo mini ta hannun manajan. Lawal ya ce a kai ƙara ofishin ƙwadago, har ya samo wanda zai rubuta. Baba Isuhu ya ƙi. Ya ce, "Alhaji, aiki nasu ne, in sun ce in tafi zan tafi. Abincina ba a hannunsu yake ba. Abu ɗaya nake so. A tara mutanena, wanda ya ce na ci amana ya buɗe baki ya ce ban ci ba. Shi ke nan."

Na koma ofis da wannan kaɗai. Na ce ba a neman ya janye komai, jimla ɗaya ce a gaban mutum shida ko bakwai. Manaja bai ɗago daga kwamfutarsa ba. Ya ce, "Inshallah." Duk wanda ya zauna a garin nan ya san akwai inshallah da ke nufin gobe, akwai wadda ke nufin rufe mini ƙofa in kin fita.

Ni na tara su a inuwar sito, na nuna musu kwalaben, na yi bayani da Hausa da Turanci da hannu. Suka yi ta gyaɗa kai. Wani ɗan Bangaladash ya ce su ai sun sani, tare suke goya tankin. Baba Isuhu ya yi mini godiya sosai, irin godiyar da ake yi wa wanda ya kawo abin da ba shi aka aike shi ba. Ba daga bakina yake son ji ba.

Ana saura kwana kaɗan Sallah ya tafi. Ya biyo ta gidanmu da jakarsa ɗaya da bargon da ya saya wa iyalinsa a kasuwar Satwa. Na ƙulla masa dabino da ragowar ƙosan jiya, ko da magariba za ta riske shi a jirgi. A bakin ƙofa ya laluba aljihu ya ciro tiyon, ya wanke shi, ya naɗe a leda. "Ga kayanki, Malama. Kada a ce na tafi da shi." Lawal ya so ya yi masa wasan Kanawa a cikin lif, ya fasa. Ya ɗauki jakar kawai.

Bayan Sallah aka kawo sabon shugaban feshi, aka fara juya magunguna kamar yadda na faɗa. Ƙuda ya ragu. A taron ƙarshen shekara aka yaba wa sabon shugaban, aka ce an ga bambancin mai himma. Manajan ya ƙara shekara biyu ya sami babban matsayi a wani kamfani, aka yi masa walima. Ban je ba; na ce Hanifa ba ta da lafiya, kuma da gaske tana haƙori.

Har yau ina gonar. Abubuwa sun canja. Yanzu kowane zango sai mun kamo ƙudan kowace rumfa mun gwada shi kafin a sayi magani, kuma ba wanda ke sa tiyo a baki. Akwai ɗan inji mai batir da ke zuƙa. Sababbin ma'aikata in na nuna musu tsohon tiyon dariya suke yi. A kusurwar ɗakin gwaji kuwa akwai kejin raga da ban taɓa bari ya mutu ba. Zuriyar ƙudajen nan ce da Baba Isuhu ya zuƙo a safiyar Asabar ɗin, jikokin jikokinsu da ba mai iya ƙirgawa. Da su muke auna kowane sabon kamu. Lokaci-lokaci nakan shafa musu tsohon maganin don kada zuriyar ta manta. A jikin kejin lambar rumfa aka rubuta, ba sunansa ba.

Yana Kura yana noman tumatir da albasa. Kowane azumi mukan yi waya sau ɗaya. Bana na kira shi ranar yayyafin nan, kafin a sha ruwa, Hanifa tana jera kofuna. Muryarsa ta tsufa. Muka gaisa, ya tambayi Bazazzagi, ya ce a gaya masa har yanzu bai ga alamar ilimin ba. Ya ce can zafi ya fara. Na ce mu nan ruwa ake yi, ya ce lallai mun ji daɗi. Sai ya yi tambayar da yake yi kowace shekara.

"Malama, mutanena suna nan?"

"Suna nan, Baba. Ko makon jiya na gwada su. Sun ƙi mutuwa."

Ya yi dariya har da tari. "To ki riƙa ba su ayaba mai kyau. Kada ki ba su ruɓaɓɓiya."

Na ce in sha Allahu. Sai na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba, ko ya rama azumin ranar nan.

Ya ce, "Haba Malama. Tun washegarin Sallar shekarar. Ai ba a barin irin wannan ya kwana."

Aka kira sallah a masallacin bayan gidanmu. Hanifa ta miƙo mini dabino, ta ce wane ne. Na ce wani dattijo ne da muka yi aiki tare, wanda aka ce ya yi ha'inci a cikin azumi.

"Ya yi?"

"Bai yi ba."

"To an ba shi haƙuri?"

Na ce ta sha ruwanta.